Ƙodar Yaya da Kwamfutar da Ba Ta Cewa I ko A'a

Sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi. Kafin nan hatsi nake bi ƙauye-ƙauye ina saye, daga Gozaki zuwa Kafur, in kai Funtuwa in sayar, kuma da ribar masara na buɗe shagon da nake zaune a ciki yanzu a Malumfashi. Hatsi ya koya mini kada in sayi buhu da baki. Ko da me mutum ya rantse mini, sai na soka ƙarfe a gindin buhun na ga abin da ya zubo a tafin hannuna. Wannan halin ne ya zaunar da ni gaban kwamfuta da furfura a gemu.

Yayana manomi ne a Gozaki. Ƙodarsa ta lalace har aka fara kai shi wankin ƙoda a asibiti. Wata rana a wajen dubiya wani dattijo ya ce, yana kallon bango amma don kunnena ya faɗa, wai tun da maganin ciyawa ya shigo ƙasar nan ciwon ƙoda ya yawaita. Duk maganin da Yaya ya taɓa fesawa a gonarsa daga shagona ya fito. Ga bazara tana matsowa, lokacin da nake gaya wa mutumin da nake saro kaya wurinsa a Kano abin da zai loda mini na damina. Tambayata guda ce, kuma tana da wa'adi: in saro maganin ciyawa bana ko in bari?

'Yata ta fari likita ce. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake ce mata. Binciken da ta yi don jarrabawar ƙwarewarta a kan wannan maganar ya faɗa. Ta bi ƙauyukanmu da abokan aikinta suna gwada jini da fitsarin manoma, suna yi musu tambayoyi. Duk lokacin da take aikin ta hana ni ko leƙe. Ta ce, "Baba, kai mai sayarwa ne. Ko sallama kada ka yi wa aikina." Ban ji haushi ba, don ni ma ba na barin mai buhu ya riƙe mini sikeli.

Da ta miƙa aikin ta ci jarrabawa, na tare ta a tsakar gida tana shan kunu.

"To, Uwata, me kika gano?"

"Ba a samu abin da za a tsaya a kai ba, Baba."

"Yana lalata ƙoda ko ba ya lalatawa?"

"Bayanan da na tara ba su isa su nuna ba."

"Duk ranar da kika sha, kin dawo baƙa wuluk mahaifiyarki tana faɗa, sakamakon ke nan? Ba ki sani ba?"

"Na san abubuwa da yawa. Wannan ɗin ne ban sani ba."

Na ɗauka kara take yi mini. Wace 'ya ce za ta dubi ubanta ta ce abin da ya biya mata makaranta da shi ne ya kwantar da ɗan'uwansa? Na ce ta kawo mini kayan aikin in duba da kaina. Ta yi dariya har kunu ya sarƙe ta. Da ta ga ban yi dariyar ba, ta ce sai ta nemi izinin malaminta, kuma sai ta cire sunayen mutane da na ƙauyuka. Bayan ɗan lokaci ta zo mini da tsohuwar kwamfutarta ta cinya, da manhajar ƙididdigar da likitoci ke amfani da ita a ciki.

Turancina na jikin kwali ne. Na iya karanta lita nawa, a zuba murfi nawa, ranar da magani zai lalace. Da ta buɗe manhajar sai na ga layuka birjik kamar gonar da aka yi wa huɗa tsaye da kwance, ko'ina lambobi. Ta ce kowane layi na kwance mutum ɗaya ne, kowane na tsaye tambaya ɗaya ce. Na fara neman mutanena. Ni da na san manoman yankin nan da sunan kakanninsu, na san wanda ke noma waken suya da wanda har yanzu ya ƙi rabuwa da auduga, sai ga su an mayar da su lamba. Na ce ta nuna mini layin Yaya. Ta ce ba ya ciki, don an riga an kwantar da shi kafin su je, kuma ko yana ciki ba za ta nuna mini ba.

Kwanakin farko hannuna kawai na yi ta horarwa. In na so in danna sau ɗaya sai yatsana ya danna biyu, wani shafi ya buɗe a kan wani, in rasa hanyar komawa. Na ajiye kwamfutar a kan buhun taki a bayan kanta, in ciniki ya lafa in zauna. Maƙwabcina mai sayar da taya ya leƙo ya ce, "Alhaji, kai ma ka shiga mainin ɗin kuɗin intanet ne? In kuɗin sun fashe kada a manta da maƙwabta." Na ce masa karatun likita nake yi. Ya ce to in fara da gwiwarsa.

Uwata tana zuwa ƙarshen mako, sauran ranaku kuma ta turo mini bayani da murya a waya. Ta koya mini yadda ake neman matsakaici. Wannan na gane nan take, don duk ɗan kasuwa ya san a haɗa tsada da araha a raba. Da na gane sai na zaƙe, na zaɓi dukan tambayoyin na ce a ba ni matsakaicinsu. Manhajar ba ta musa ba. Ta ba ni matsakaicin jinsi, ɗaya da ɗigo kaza. Ta kuma gaya mini cewa matsakaicin shekarun manomanmu ya haura ɗari.

Na kira ta. "Uwata, injin nan naki ya taɓu. Ya ce manoman Kafur duk sun girmi kakana, kuma ba maza ba ne ba mata ba."

Ta yi dariya ta ƙoshi, sannan ta ce lamba ɗaya na nufin namiji, biyu mace, suna ne kawai aka ba su, ba a tara su. Shekaru kuwa, duk wanda ya ce bai san shekarunsa ba an rubuta masa tara uku a jere, kuma sai na shiga wani shafi na gaya wa manhajar cewa tara ukun nan na nufin babu amsa.

"Ita ba ta sani ba?"

"Ba ta san komai ba, Baba. Abin da ka tambaye ta take lissafawa."

Wannan ya dame ni ƙwarai. Na zo ne wurin alƙali, sai ga shi an ce mini ɗan dako ne, duk abin da ka ɗora masa zai kai, ko duwatsu ne.

Da hannuna ya ɗan faɗa, na je ga abin da ya kawo ni. Akwai layin da ke cewa ko ana amfani da maganin feshi a gonar mutum, akwai kuma wanda ke nuna ko gwaji ya ga rauni a ƙodarsa. Ta riga ta nuna mini yadda ake gicciya tambaya biyu a ga ko suna tafiya tare. Na yi bismilla na danna. Teburi ya fito, a ƙarƙashinsa wani ɗan rubutu, ba lambar sakamako. Na sake, haka. Na kashe na kunna, haka. Na ɗauki hoton na tura mata.

Ta ce, "Cewa take yi ba za ta iya ba. Duba layin feshin da kyau."

Na bi shi daga sama har ƙasa. Ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ba wanda ya ce a'a.

"Da wa za ta gwada su? Sai da wanda ba ya amfani da shi ake gane bambanci. Na nema ban samu ba. Ko tsohuwa mai ɗan fegin kuɓewa a bayan gida tana aika a sayo mata."

Na ajiye wayar na dubi kantocina. A wata rana dabam da wannan labarin daɗi zai yi mini, don ɗan kasuwa ba ya son abin da ya wuce a ce kayansa sun shiga kowane gida. Ranar kuwa ban san inda zan ajiye shi ba.

Ta ce in gwada wani layin, wanda ke tambayar ko mutum shi ke goya famfon feshi a bayansa a yanzu ko sa wani yake yi. Nan an rabu, akwai ɗaya akwai biyu. Na danna. Wannan karon lambobi suka fito. Na bi su da yatsa a hankali kamar mai ƙirgar canji, na sake bi. Masu goya famfo da kansu sun fi lafiyar ƙoda. Raunin ya fi yawa a cikin waɗanda ba sa taɓa famfon. Akwai wata lamba da suke kira P, wadda ta ce mini in ta yi ƙasa da biyar cikin ɗari to da wuya a ce dace ne kawai. Ta yi ƙasa sosai.

Ban kira ta ba. Na rufe shago da la'asar, na hau mota sai Gozaki.

Na tarar da Yaya a kan tabarma a zaure, ƙafafunsa a kumbure, carbi a hannu. Bayan mun gaisa na ce masa na bincika da kaina a kwamfuta, maganin ba shi da laifi, masu fesawa ma sun fi kowa lafiya.

Ya dube ni ya ce, "Ashe magani ne na mutane. To ka kawo mini kwalba ɗaya in dinga shan cokali da safe."

"Yaya, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake, mai shago. Wa ya ce maka kai ne? Ciwo na Allah ne. Ni dai na san na ajiye famfo tun da bayana ya fara ƙin ɗauka, na bar wa yara. Kai ka zauna ka ci tuwo."

Na ci tuwon, amma a hanyar dawowa maganarsa ta tsaya mini. Da sun same shi a gida, a wane layi za su sa shi? Cikin waɗanda ba sa goya famfo. Shi da ya yi shekaru yana goyo, rigarsa jiƙe da magani, iska na mayar masa da shi a fuska.

Da Uwata ta zo na gaya mata duka, har da zuwana Gozaki. Ta riƙe baki. "Baba! Ka je ka gaya masa? Ai da ka kira ni." Ta ce abin da na hango gaskiya ne, ta ma rubuta shi a cikin aikinta. Mai ƙarfi ke goya famfo, wanda jiki ya fara ba shi matsala shi ke ajiyewa. Sannan masu goyon matasa ne, masu sa a yi musu kuwa dattawa, ƙoda kuma da ma tana raunana da shekaru.

"To lambar P ɗin ƙarya ta yi?"

"Ba ta yi ƙarya ba. Bambancin yana nan. Dalilinsa ne ba ta faɗa maka ba."

"Me amfaninta ke nan?"

Ta ce akwai hanyar da ake sa manhajar ta gwada tsara da tsara, mai hawan jini da mai hawan jini, mai ciwon suga da ɗan'uwansa. Wannan darasin ya fi kowanne wahalar da ni. Akwai akwati na sama da ake saka ƙoda, akwai na ƙasa da ake jera sauran. Sau da yawa nakan juya su, in tambayi injin ko ciwon ƙoda na kawo tsufa, shi kuma ya amsa mini ba kunya. Ta sa na bar layin goyon yanzu na ɗauki na yawan shekarun da mutum ya yi yana feshi. Shi ma da na leƙa sai na ga goma, ashirin, goma, talatin, kamar kuɗin mota. Na san mutanena. In ka tambayi manomi tun yaushe, cewa zai yi tun ana awon auduga, mai rubutu kuma ya ƙaddara masa lamba.

Ranar da na yi shi daidai tana zaune kusa da ni a shago. Na jera shekaru, hawan jini, suga, da shan ƙwayar ciwon jiki, wadda manoma ke haɗiya kamar gyaɗa lokacin huɗa. Na danna. Abin ya juya. Yanzu waɗanda suka daɗe suna feshi sun ɗan fi rauni. Na juya na dube ta.

"Shi ke nan, yana lalatawa."

"Tsaya, Baba. Dubi lambobi biyun nan na gefe."

Ta ce su ne iyaka ta ƙasa da ta sama. Gaskiyar tana iya zama ko'ina a tsakaninsu. Ta ƙasan tana cewa wataƙila babu wata illa ko kaɗan, ta saman tana cewa wataƙila illar babba ce.

"Wato in tambayi mutum kuɗin buhu, ya ce mini daga kyauta zuwa kuɗin mota?"

"Kusan haka."

"Jiya ya ce masu feshi sun fi lafiya, da tabbaci. Yau ya ce sun fi ciwo, ba tabbaci. Wanne zan ɗauka?"

"Na yau ya fi kusa da gaskiya."

"Wanda ba shi da tabbacin."

"Shi."

Na cire hula na ajiye a kan kanta. Na tambaye ta ko akwai wani maɓallin da ba ta nuna mini ba. Ta ce maɓallai suna da yawa, kuma in na yi ta dannawa zan samu wanda zai faɗa mini abin da nake so, ko wanne nake so, shi ya sa ake yanke tambaya tun kafin a ga amsa. Sannan ta ƙara mini wani. Mafi yawan feshin manyan gonaki 'yan ƙwadago ke yi, masu zuwa da damina daga wasu garuruwa, su yi ta goyo gona bayan gona, kaka na yi su koma gida. Ita kuma da rani ta yi aikinta, lokacin da hanyoyi ke biyuwa. Waɗanda suka fi kowa jiƙa da maganin ba ko ɗaya a cikin kwamfutar. Na san su sarai. Su ne ke zuwa shagona da safe da kuɗin mai gona, su ɗaura jarka a bayan babur.

A nan ne na yarda ba kara take yi mini ba. Abin da ta faɗa a tsakar gida shi ne iyakar abin da ke akwai. Na so a ce ta ɓoye mini wani abu, don abin da aka ɓoye ana iya tono shi.

Na ce, "To ke, ba likita ba, ba mai bincike ba, 'yata. In saro ko in bari?"

Ta ce abin da ta tabbata da shi tun kafin bincike shi ne guba ne, bai kamata ya taɓa fata ba, bai kamata a zuba ruwan sha a jarkarsa ba. Maganar ƙoda kuwa sai an bi mutane shekara da shekaru ana gwada su. "Shagonka ne, Baba. Ni ban iya kasuwa ba."

Na sake gwada wata dabara ni kaɗai. Na ce bari in ga ko wani iri ne daga cikin magungunan ke da laifi, in cire shi in huta. Na buɗe layin da aka tambayi sunan maganin. Mai jan murfi. Mai kore. Na Alhaji. Wanda ake haɗawa da wancan. Haka amsoshin suke, don haka suke saye a wurina, kuma a duro ɗaya suke gauraya su. Ba abin da manhajar za ta iya yi da wannan, ni ma haka.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mutumina na Kano ya kira. Na lissafa masa taki, iri, maganin ƙwari, da magungunan ciyawa. Sai na ce ya cire mini guda ɗaya, mai ƙone ganye nan take, wanda in ya zuba a hannu yake sa fata ta saɓule. Shi ne kuwa ya fi kowanne tafiya.

"Alhaji, lafiya? An hana shi a wajenku ne?"

"Ba wanda ya zo ya hana ni."

"Wani ya kawo ƙara?"

"Babu."

"To me ya faru?"

Na buɗe baki in ce bincike ya nuna, sai na tuna bai nuna ba. Na ce masa kawai bana ba na so. Ya ce ya sa mini safar hannu da takunkumin da na taɓa tambaya a madadinsa? Na ce ya sa. Ya ce ba sa tafiya. Na ce na sani.

Ban san ko na cire mai laifin ba. Wataƙila shi ne, wataƙila ɗaya daga cikin waɗanda na bari ne, wataƙila ba ko ɗaya. In duka guba ne, me ya sa na bar sauran? In ba a tabbatar ba, me ya sa na cire wannan? Na yi wa kaina tambayoyin nan a gaban kanta, ban samu amsar da zan iya gaya wa wani ɗan kasuwa ba tare da ya yi mini dariya ba.

Bayan ruwan shuka babban ɗan Yaya, wanda gonar ta koma hannunsa, ya zo sayayya. Magidanci ne da iyalinsa. Ya ɗauki taki da iri, sannan ya ce in ba shi mai ƙone ganyen.

"Babu shi bana."

"Ya ƙare ne, Baba?"

"Ban saro ba."

Ya jira in ƙara bayani, ban ƙara ba. Na sa masa safar hannu da takunkumi a cikin leda na ce ya yi amfani da su. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ya tsallaka titi zuwa shagon da ke kallon nawa, ya jima kaɗan, ya fito da jarka ya ɗaure ta a kan buhunan a bayan babur ɗinsa. Sannan ya zagayo da babur ɗin har ƙofata, don ba zai tafi bai yi mini sallama ba. Na ce ya gaida Yaya da jiki, ya ce zai ji.